Kacalla da jan-baki a fadamar Nguru

A ƙauyukan da ke bakin tafkin Nguru da mashigin Marma, da zarar shinkafa ta fara ƙosawa yara ba sa wuni a gida. Tun asuba suna kan gadon da aka ɗaga a tsakiyar gona, majaujawa a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da igiyar da aka jera wa gwangwanaye, suna ja suna ihu. Abokin faɗansu jan-baki ne, ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, amma dubbai yake sauka a lokaci guda, kafin azahar ya bar wa mai gona ƙaiƙayi. Kukan manoma shi ne a turo jirgin feshi, kuma wanda ya ga guminsa na shekara ya tafi a wuni ɗaya ba a ga laifinsa ba. Sai dai feshi reshe yake sarewa, saiwar tana cikin ruwa.

A da, kogin Haɗeja da na Jama'are kan cika fadamar da damina, su janye da rani ƙasa ta bushe. Kifi ya hayayyafa a ambaliya, manomi ya bi laima ya shuka, Bafulatani ya shigo da shanu bayan girbi. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, sai ruwan Haɗeja ya koma gangarowa kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa mai kwanciya, marar zurfi, shi ciyawar kacalla ke so, ga shi bushewar rani da ke kashe ta ta daina zuwa. Ta fi mutum tsayi, ta toshe mashigai har kwalekwalen masunci ya kasa ratsawa, ruwa ya malale kan gonakin wasu, na gaba kuma su rasa shi. A cikin duhuwarta jan-baki ya samu makwanci daf da gona, inda mutum ba ya iya kai masa, sauro da dodon-koɗi mai ɗauke da tsargiya su ma suka samu gida.

Za a ce jan-baki ya girmi dam. Gaskiya ne, tun kaka da kakanni ake korarsa, amma a da tsabar ciyawar daji yake bi yana ƙaura, bai da masauki na dindindin a ƙofar gona. Za a kuma ce birnin Kano da masu noman rani a Kadawa sun dogara da Tiga. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe dam. Abin nema shi ne a saki ruwa da ƙarfi a lokacin da kogi ya saba cika, a rage shi da rani har gindin kacalla ya bushe, a yashe mashigai. Mutanen ƙauyukan sun daɗe suna fita gayya da adda da lauje suna saranta a cikin ruwa har ƙirji, ta sake tohowa cikin 'yan makonni, domin makullin ruwan yana can Kano, ba a hannunsu ba.