Me ya sa allurar zafi ke hawa idan ka kunna fitila? Labarin wayar da kowa ke mantawa da ita

A ce kana da tsohuwar akori-kura, Hilux ko Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Da safe tana tashi lafiya lau. Amma da ka yi tafiya injin ya ɗau zafi, ka kashe ka sha ruwa, sai kik ya riƙa juyawa da kyar kamar batir ya mutu. Da daddare kuma wani abin mamaki: kana kunna fitilun gaba sai allurar zafi ta ɗan haura, ka kashe su ta sauko. Ka sayi sabon batir, ba ta canja zani ba. An sauya kik, jiya i yau. Wataran ma ka taɓa wayar totur ka ji ta da ɗumi.

Mene ne haɗin fitila da zafin injin? Babu. Injin bai ƙara zafi ba, allurar ce ke yin ƙarya, kuma abin da ke sa ta ƙaryar shi ne dai ke sa kik kasala.

Ka san wutar lantarki ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta cikin fitila ko kik, sannan dole ta koma ɗaya kan mai alamar debewa. Masu ƙera mota sun yi wa kansu sauƙi: maimakon su ja waya biyu zuwa kowace na'ura, sai suka ja guda ɗaya, suka bar ƙarfen bodi da na injin ya zama hanyar dawowa. To amma injin ba a kan ƙarfe yake zaune kai tsaye ba, a kan roba yake, don kada girgizarsa ta dami na ciki. Roba kuwa ba ta wuce da wuta. Shi ya sa aka ɗaura wata kakkaurar waya, galibi saƙaƙƙiya kamar kitso, daga jikin injin zuwa bodi ko zuwa batir. A ƙasa take, cikin mai da ƙura, ba mai kallonta.

Bayan shekara ashirin ko talatin na ruwan damina, wankin injin da girgiza, zaren tagullar da ke cikinta yakan tsinke ɗaya bayan ɗaya, ko tsatsa ta shiga ƙarƙashin notin da ya riƙe ta. Wani lokaci ma an sauke injin ne aka mayar, aka ɗaura ta sako-sako a kan fenti.

A nan ne lissafin Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarsa a 1827, ke shigowa. Ƙarfin turin da ke ɓacewa a hanya daidai yake da yawan wutar da ke gudana sau turjiyar hanyar. Ka ɗauka tsatsar ta kawo turjiya ta ohm 0.01 kacal. Rediyo mai jan amp 2 zai yi asarar volt 0.02, ba wanda zai lura. Kik kuwa yana iya jan amp 200, na injin dizal ma fiye da haka. Amp 200 sau 0.01 ya ba ka volt 2. Cikakken batir volt 12.6 ne, kuma da ma yakan sauka idan ana tada mota, ga shi an ƙara zaftare biyu a hanya. Wutar da ta ɓace kuma zafi take zama: wat 400 a wuri ɗaya da bai wuce faɗin kwabo ba. Idan injin ya yi zafi, ƙarfe ya buɗe, haɗin ya ƙara lalacewa, sannan wayoyin cikin kik ɗin ma turjiyarsu ta ƙaru. Ka ga dalilin da safe lafiya, da rana rigima.

Wutar da ta rasa babbar hanya kuma ba ta haƙura, duk wani ƙarfe da ya haɗa injin da bodi sai ta bi: wayar totur, wayar kuloci, har wata siririyar waya da ba a yi ta don wannan kaya ba. Ɗumin da ka ji ke nan, kuma shi ne ɓangaren da ya fi haɗari, don siririyar waya tana iya narkewa ta kama wuta.

Allurar fa? Na'urar da ke jin zafin ruwa a jikin injin take, ta nan wutarta ke dawowa, alhali fitilu ta bodi suke dawowa. Idan injin na aiki, wutar fitilun dole ta bi waccan waya ta koma alternato. Wayar ta lalace, sai a sami ɗan bambancin volt tsakanin bodi da injin, allura kuma ta karanta bambancin a matsayin zafi.

Abin da ke ruɗa mutane, har da wasu masu rewaya, shi ne gwajin da aka saba yi. A ɗora mita a kan wayar mota na kashe, ta yi ƙara, a ce lafiyarta ƙalau. Mita ɗan mitsitsin wuta take turawa. Ko zare ɗaya ne ya rage a wayar zai wuce da shi. Kamar ka gwada gada da keke ne ka ce za ta ɗauki tirela.

Gwajin gaskiya sai da kaya a kai. Ka sa mita a kan volt, tsinke ɗaya a kan dalmar batir ɗin kanta ta ɓangaren debewa, ba a kan maƙalar ba, ɗayan a kan tsabtataccen ƙarfe a jikin injin. Mota a firi, an ja birkin hannu, wani ya murɗa makulli kana kallo. Lafiyayyar hanya ba ta wuce volt 0.2 zuwa 0.3 ba. Idan ka ga 1 ko fiye, ka kama ɓarawon. Daga nan ka riƙa matsar da tsinken gaba-gaba, daga dalma zuwa maƙala, daga maƙala zuwa bodi, daga bodi zuwa injin, har ka ga inda adadin ya yi tsalle. Ka yi shi injin na da zafi, tunda lokacin ne cutar ke tashi.

Ba ka da mita? Ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala ta daga ɓangaren debewa zuwa jikin injin, nesa da belt da fanka. Idan kik ya juya da ƙarfi, allura kuma ta daina bin fitila, magana ta ƙare.

Gyaran ba shi da tsada. Ka fara cire kan batir na debewa, ka kwance wayar, ka goge mazauninta har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a sama don ruwa. Idan zarenta ya tsittsinke ko ya yi kore, sauya ta da mai kaurinta ko wadda ta fi, ka kuma bar mata ɗan sakwa-sakwa don injin yana motsi a kan robarsa. Kafin ka rufe bonet, duba wayar totur da sauran ƙananan wayoyin da suka ɗauki kayan da ba nasu ba, ko akwai wadda robarta ta narke.