Zugazugin Injin: Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar Mota Numfashi

Kowane maƙeri ya san cewa gawayi shi kaɗai ba ya tausasa ƙarfe. Sai an zaunar da yaro bayan zugazugi yana hura iska, sannan wuta take yin jajir. Mutanen Gaya ba baƙi ba ne ga wannan ilimi, domin tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala don neman tama, daga Gaya suka taso. Irin wannan hikima ce masana ƙere-ƙere suka mayar na'ura mai suna sufacaja, wadda ake ɗora wa injin mota don ƙara masa ƙarfi.

Injin ma yana numfashi

Jikin ɗan Adam da injin mota sun yi tarayya a abu guda: dukkansu suna ƙona makamashi ne da iskar oksijin. Ƙwayoyin halittar jiki suna ƙona sukarin da ke cikin jini sannu a hankali, shi kuwa injin yana ƙona fetur farat ɗaya a cikin silinda. Oksijin kashi 21 ne kacal cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu, saboda haka kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Ke nan iyakar ƙarfin injin tana ga yawan iskar da zai iya shaƙa, kuma ƙara masa mai ba tare da ƙarin iska ba, baƙin hayaƙi kawai zai haifar.

Mutum yana shaƙar iska ne ta hanyar buɗa ƙirji, sai iskar waje ta kwararo cikin huhu da kanta. Haka injin gama-gari yake yi idan fistin ya yi ƙasa. Kwaɗo kuwa dabararsa daban ce: yana cika bakinsa da iska, ya toshe hanci, sannan ya ɗaga ƙasan bakin ya tura iskar cikin huhu da ƙarfi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ganin maƙogwaronsa yana motsi. Abin da sufacaja ke yi wa injin ke nan, tana ɗura masa iska fiye da wadda zai iya ja da kansa.

Daga maƙera zuwa mota

A shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wani famfon iska mai dunƙulen ƙarfe biyu da ke juyawa a haɗe. An yi amfani da shi wajen hura wutar narkar da tama, wato zugazugi ne na zamani. A 1921 kamfanin Daimler na Jamus ya baje kolin motocin Mercedes masu ɗauke da irin wannan famfo. Daga baya samarin Amurka suka riƙa ɗora shi a kan motocinsu masu manyan injuna na silinda takwas, irin Pontiac GTO da ta fito a 1964 da injin mai lita 6.4. Har yau masu sha'awar tsofaffin motoci a can suna wannan aiki, wani lokaci ma na'urar takan leƙo ta saman bonet.

Sufacaja tana da ƙanwa, wato tabo, wadda Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905. Bambancinsu shi ne, sufacaja bel ne yake juya ta daga karanshaf, ita kuwa tabo hayaƙin da ke fita daga injin ne yake juya ta. Da yawa daga manyan motocin dizal da ke jigilar hatsi a hanyar Wudil zuwa Gaya tabo gare su, kuma shi ne wannan fito da ake ji idan direba ya taka totur.

Idan aka ce a gwada a gida

Tsohuwar motar da ta shiga ran mutanenmu ita ce Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Injinta mai silinda huɗu ne, kimanin lita biyu. Mai irin wannan mota a Gaya ko Ajingi yana iya sha'awar ƙara mata ƙarfi, musamman da yake zafin bazara yana rage mata kuzari: iska mai zafin digiri 40 ta fi mai digiri 15 sakayau da kusan kashi 8 cikin ɗari, don haka oksijin da ke shiga silinda yakan ragu.

Aikin ya wuce ɗaure na'ura da noti. Da farko sai bakanike ya auna matsin kowace silinda, domin injin da zobbansa suka cinye ba zai jure ƙarin matsi ba. Sannan a ƙera mazaunin na'urar, a daidaita fuli da bel. Dole a faɗaɗa hanyar mai a kafireto, domin iska mai yawa da mai kaɗan zafi suke jawowa. Dole kuma a ɗan jinkirta lokacin da filogi ke ba da wuta.

Babban haɗarin shi ne zafi. Duk iskar da aka matse takan ɗumama, kamar yadda famfon keke yake zafi a hannun mai ba da iska. Idan zafi da matsi suka yi yawa, sauran man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa kafin harshen wuta ya iso gare shi. Wannan fashewa tana huda fistin, tana ƙona gaskit, daga nan sai a ji an ce injin ya buga. Shi ya sa ake haɗawa da na'urar sanyaya iska da lagireto babba. Ƙurar hunturu ma abin lura ce, domin injin da ke shaƙar iska da yawa ƙura da yawa yake ja, kuma ƙura tana cin bangon silinda kamar yadda take illata huhun mutum.

Akwai kuma lissafin aljihu. Na'urar tana cin wani kaso na ƙarfin da ta samar wajen juya kanta, tana kuma ƙara shan mai, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Sai batun rai: birki da kuloci da tayoyin 504 an auna su ne daidai da ƙarfinta na asali, kuma hanyoyinmu cike suke da babura da dabbobi da yara 'yan makaranta.

Saboda haka, kafin mai tsohuwar mota ya yi tunanin sufacaja, ya fara sauya matatar iska, ya wanke kafireto, ya gyara bawul da zobba, ya duba salansa ko ta toshe. Sau da yawa ƙarfin da yake nema yana nan cikin injin, hanyar numfashi ce kawai ta cushe.