Abin da Ke Jiran Ɗan Kamarawa a Ɗakin Gwajin Kemistiri

Yaron da ya tashi a Kamarawa ko Isa ko Sabon Birni, ya ci WAEC ko NECO, ya tsallake JAMB, har Allah Ya ba shi gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, zai tarar da wani darasi yana jiransa tun zangon farko, ko likitanci ya zo karanta, ko haɗa magunguna, ko aikin gona, ko likitancin dabbobi. Darasin shi ne kemistiri na share fage: CHM 101 a zangon farko, CHM 102 a na biyu. Kowanne yana da abokin tafiya a ɗakin gwaje-gwaje, wato CHM 107 da CHM 108 a manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022. Wanda ya nufi Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, shi ma zai gamu da irinsa, ko da lambar ta bambanta.

Ɗalibai kan raina firaktikal saboda nauyin makinsa bai kai na lacca ba. Ni kuwa a ganina can ne ake bambance wanda ya san kemistiri da wanda ya haddace shi.

Yaranmu na wannan yanki suna shiga ɗakin da gurguwar ƙafa, kuma laifin ba nasu ba ne. A makarantun sakandaren karkara da yawa, malami kan zana buret a allo da alli, yara su kwafe, su haddace launin da ruwa zai koma, ba tare da sun taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ana gobe jarrabawa. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato a shekarun nan: garuruwa sun watse, karatu ya yi ta tsayawa, wasu iyalai sun koma cikin Sakkwato, wasu sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Yaron da ya yi SS2 a tsakanin gudun hijira, in ya tsaya kusa da wanda ya fito makarantar kuɗi ta birni, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Alhali hannunsa ne bai saba ba, hannu kuwa yakan saba cikin 'yan makonni.

A lacca za a bi ta kan ƙwayar zarra da yadda aka gina ta, da jadawalin sinadarai wanda Mendeleev ɗan Rasha ya tsara a 1869, wanda yau yake ɗauke da sinadarai 118, da dokokin iskar gas, da asid da alkali. Amma inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne mol. Ba wanda ke ƙirga ƙwayoyin gero ɗaya-ɗaya a kasuwar Isa. Tiya ake sawa a auna. Haka masanin kemistiri ba ya iya ƙirga ƙwayoyin zarra, sai ya aune su da mol, kuma kowane mol yana ɗauke da adadi guda da ba ya canzawa, wato kusan 6.022 × 10²³. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishirin miya kuwa kusan giram 58.5.

Wanda ya gane wannan, buhun taki ma zai fara yi masa magana. Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, giram 28 daga ciki naitirojin ne, shi ya sa ake rubuta kashi 46 cikin ɗari a jikin buhun. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kusan kilo 23. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 7.5 kacal yake da shi, sauran amfaninsa a fosfaras da fotashiyam yake. Manomin da ya zuba kamfa a lokacin da masararsa ke neman naitirojin, ya biya kuɗi mai yawa ya samu kaɗan. Shi ma wanda ya watsa yuriya a saman ƙasa cikin rana bai rufe ta ba, wani kaso zai tashi sama a matsayin iskar amoniya. Duk lissafin ɗan aji ɗaya ne wannan.

Ranar farko a ɗakin gwaji, dokoki ake fara karantawa, kuma kowace doka akwai wanda ya ji ciwo kafin a kafa ta. Farar riga da takalmi rufaffe. Ba ci, ba sha, ba ɗanɗana komai, ba zuƙar fifet (bututun gilashin da ake ɗibar ruwa da shi) da baki. In za a tsarma asid mai ƙarfi, asid ɗin ake zubawa cikin ruwa a hankali. Wanda ya zuba ruwa cikin asid, zafin da zai taso na iya fantsamo masa shi a fuska. Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba su cika ambata ba: bakin hijabi da hannun riga mai faɗi suna saurin kama wutar Bunsen, wadda harshenta shuɗi ba ya ganuwa sosai da rana. Sai a cusa hijabin cikin farar riga, a naɗe hannu.

Sai taitireshan, wanda shi ne ƙashin bayan zangon. Za a ba ka ruwan alkali, ka ɗebi santimita kubik 25 da fifet ka zuba a kwalba mai faɗin gindi, ka ɗiga mata metil orenj sau biyu ko uku, ruwan ya zama rawaya. Asid yana cikin buret, dogon gilashin nan mai layuka da ƙaramin famfo a ƙasa. Hannun hagu na riƙe da famfon, na dama yana jujjuya kwalbar. Da farko ka sake shi ya zuba, da ka ga launi ya fara gilmawa yana ɓacewa sai ka koma ɗigo-ɗigo. Ɗigo ɗaya ne tsakanin rawaya da ruwan lemo, kuma nan ake tsayawa. In ya koma ja, ka wuce gona da iri, sai ka zubar ka sake. Wajen karanta buret, ido zai daidaita da saman ruwan, a karanta ƙasan lanƙwasarsa. Gwajin farko na lalube ne; ana maimaitawa har sai an samu sakamako biyu ko uku da suka kusanci juna ƙwarai, sannan a fitar da matsakaici a yi lissafi.

A nan ne jarrabawar gaskiya take zuwa. Ɗalibi zai ga nasa ya tsaya a 23.80, na maƙwabcinsa 21.50, shaiɗan ya raɗa masa ya goge nasa ya rubuta na mutane. A wurin da ɗalibai suka yi wa kayan aiki yawa, har mutum shida ko fiye suke kewaye da buret guda, abin ya fi sauƙi: ɗaya ya yi aiki, sauran su kwafe. Wannan ɗabi'a ita ce babbar asarar darasin. Lambar da ta kauce tana da dalili: ko kumfar iska ta maƙale a bakin buret, ko ba a ɗauraye fifet da ruwan da za a auna ba, ko an karanta daga sama. Wanda ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya nemo dalilin kaucewar ya bayyana shi a rahotonsa, ya fi wanda ya miƙa lamba mai kyau ta aro. Gobe shi ne zai zauna a ɗakin gwajin asibiti da jinin mara lafiya a gabansa, kuma ba maƙwabcin da zai leƙa.

Mun riga mun ga abin da rashin awo ke jawowa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Dalma ba ta da wari a cikin ƙura, ido ba ya ganinta, sai da aka auna jini da ƙasa aka san abin da ke kashe yaran. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari na dikilobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiyar da ake zubawa a buhunan ajiya. Waken da Turai ta ƙi, irinsa muke dafawa.

Malamin sakandare a Isa ko Sabon Birni da ba shi da buret, bai rasa komai da komai ba. Jiƙaƙƙen zoɓo yana nuna asid da alkali: a matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, a zuba masa ruwan kanwa ya juya zuwa kore mai duhu. Kanwa da ruwan lemon tsami in sun haɗu sukan yi kumfa, iskar kabon dayokzaid ce ke fita, ita ce kuma ke fita daga farar ƙasa idan aka gasa ta a masana'antar siminti ta Kalambaina. Sabon sirinji mai mililita 10 daga kemis, a cire allurar, zai iya ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo a ƙirga abin da ya zuba. Awonsa ba zai kai na buret daidaito ba, kuma ya kamata a faɗa wa yaran haka, a sa su maimaita sau uku su ga yadda lambobinsu ke bambanta, kowa ya rubuta nasa da biro a littafinsa kafin ya dubi na wani.