Yadda Laka Mai Rai Ke Tsamo Dafin Ƙarfe Daga Ƙazamin Ruwa

Akwai waɗansu ƙarafa masu nauyi da kan narke cikin ruwa har ido ba ya ganinsu, kamar su dalma da zaiba da kadmiyam, da kuma kuromiyam wanda masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa a Kano ke jeme fata da shi. Waɗannan ƙarafa ba su ruɓewa, tafasa ruwa kuma ba ya kawar da su. A ƙasar Japan, kadmiyam daga wani wurin haƙar ma'adini ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ya lalata wa mutane ƙoda, ya raunana ƙasusuwansu. A 1968 gwamnatin ƙasar ta tabbatar shi ne sanadin ciwon.

Ɗaya daga cikin hanyoyin tsarkake irin wannan ruwa ita ce laka mai rai, wadda Ardern da Lockett suka bayyana a Mancesta ta Ingila a 1914. Akan tara ƙazamin ruwa cikin babban tanki, a riƙa hura masa iska. Iskar nan kan raya ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Su kuwa sai su ci ƙazantar, su hayayyafa, su dunƙule su zama laka.

Jikin kowace ƙwaya yana lulluɓe da yauƙi mai jan narkakken ƙarfe, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Ƙarfen da ya taɓa yauƙin sai ya manne. Sa'an nan a kai ruwan wani tanki inda zai natsu. Laka ta kwanta ƙasa da kayanta, ruwa ya fita ta sama. Akwai kuma waɗansu bakteriya da ke zama inda babu iska. Su kan fitar da tururi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke haɗuwa da dalma da tagulla da tutiya, ya mai da su gari, su nutse.

Amma fa aikin yana da iyaka. In ƙarfe ya yi yawa, yakan kashe halittun da kansu. Saboda haka wajibi ne masana'anta ta fara rage shi da farar ƙasa kafin ta saki ruwanta.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, bakteriya ba su hallaka ƙarfe, tattara shi kawai suke yi. Dafin da ya bar ruwa yana nan cikin laka, in kuwa ta gamu da ƙasa mai tsami sai ta sake shi. Don haka kada mai lambu ya ɗebi lakar masana'anta ya yi taki da ita, komai baƙinta da laushinta, sai ma'aikatan lafiya sun gwada ta. Wadda aka samu da dafi, a busar da ita a binne a keɓaɓɓen rami, nesa da rijiya da fadama.