Wuri a Hannun Yaro: Hanyar Koyar da Tarihin Cinikin Teku da 'Yan Fashinsa

Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ta yaya za a koya wa yaron Kano, wanda bai taɓa ganin teku ba, tarihin cinikin jiragen ruwa da ƙasashen Asiya, da na 'yan fashin da suka addabi wannan ciniki? A ganina, kada malami ya fara da taswira. Ya fara da abin da yaro zai iya riƙewa a tafin hannunsa, wato wuri.

Bari mu ɗauki ɗan makaranta a unguwar Zaitawa. Ana danganta sunan unguwarsu da Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da suka zo daga Mali, kuma Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), tana nan cikin birninsu. Ashe ke nan labarin baƙi da fatauci ba sabo ba ne gare shi. Abin da bai sani ba shi ne kalmar "kuɗi" da yake faɗa kullum asalinta jam'in "wuri" ce, kuma wurin nan ba a ƙasar Hausa ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldif yake, can cikin Tekun Indiya.

To, yaya aka yi ya iso nan? Ibn Baɗuɗa ya ga ana tara shi a Maldif, daga baya ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo a tafiyarsa ta 1352 zuwa 1353. Bayan Fotugis sun kewaya kudancin Afirka sun isa Indiya a 1498, sai hanyar ruwa ta buɗe. Jiragen Holan da Ingila suka riƙa kwasar wuri zuwa Turai, daga can a kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake kuma su hauro da shi arewa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731) wuri ya shigo ƙasar Hausa. Da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa ɗaya.

Daga nan ne ya kamata a shigo da 'yan fashin teku, domin duk inda dukiya ke tafiya a hanya, akwai mai kwanto. Yaro zai gane haka nan da nan idan aka tuna masa dalilin da ya sa fataken Gwanja suke tafiya a ayari, da madugu da jagaba da makamai. Jirgin ruwa ayari ne, teku kuwa daji ce. A 1695 wani Bature, Henry Every, ya tare jirgin Ganj-i-Sawai na daular Mugal ta Indiya, wanda ke komawa Surat ɗauke da dukiya da alhazai, aka yi musu wulaƙanci mai tsanani. A 1722 kuma Bartholomew Roberts ya kama jirage 11 a tashar Wida, a ƙasar Benin ta yau, tashar da wuri ke sauka.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba malami ya kiyaye. Na farko, littattafan yara da finafinan Turawa sun mai da ɗan fashin teku jarumi mai neman taska. Bai dace mu gaji wannan hoto ba, musamman a ƙasar da ta san zafin tare hanya. A kira shi da sunansa: ɗan fashi. Na biyu, kada a ɓoye cewa wurin da aka sauke a Wida bayi aka saya da shi. Ba duk wanda ke da takardar izinin ciniki ne hannunsa ke da tsabta ba.

Saboda haka ina ba masu tsara manhaja shawara su haɗa darasin nan da ziyara zuwa Kurmi da Gidan Makama, a kuma sa yara su lissafa dala nawa ke cikin keso, wato wuri 20,000. Yaron da ya yi wannan lissafi ba zai ƙara ɗaukar tarihin teku a matsayin tarihin wasu ba.