Wa ke da ikon cewa a dakata a wurin ɗaukar fim?

Wata rana wani abokina furodusa ya gayyace ni lokeshin a wani ƙauye da ke wajen Kano, inda suke ɗaukar ɗan ƙaramin fim da ma'aikata ba su wuce ashirin ba. Da dare ya yi, sai aka ga wayar wuta ba za ta kai ɗakin da ake aiki ba, don haka aka shigo da janareto cikin zaure, aka kuma rufe taga saboda ƙara. Ba a yi awa guda ba sai yaron da ke riƙe da fitila ya ce kansa na ciwo. Aka ce ya daure, saura fitowa ɗaya. Can sai muka ji ya yanke jiki ya faɗi. Motar da muke da ita ɗaya ce, ta tafi sayo abinci, kuma a cikinmu babu wanda ya san inda asibiti mafi kusa yake. Allah Ya sa da sauran kwana, yaron ya farfaɗo bayan an fitar da shi iska.

Ya mai karatu, gubar da ke cikin hayaƙin janareto ba ta da launi, ba ta da wari, kuma takan kashe mutum a rufaffen ɗaki. Da yawa daga cikinmu mun san haka a daren nan. Abin da aka rasa shi ne mutum guda da ke da ikon cewa a dakata, a kuma saurare shi.

Wannan cuta ba a nan gida kawai take ba. A watan Fabrairun 2014, a jihar Jojiya ta Amurka, masu fim ɗin Midnight Rider suka kafa gadon kwana a kan gadar jirgin ƙasa ba tare da izinin kamfanin jirgin ba. Jirgi ya iso, ya kashe mataimakiyar mai ɗaukar hoto, Sarah Jones, 'yar shekara 27, kuma daga bisani kotu ta ɗaure daraktan. A Oktoban 2021 harsashi na gaske ya fita daga bindigar da ke hannun Alec Baldwin a wurin ɗaukar fim ɗin Rust, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. A 2024 aka yanke wa mai kula da makaman hukuncin wata 18. A Afrilun 2024 kuma kwalekwale ya kife a kogin Neja da ɗan wasan Kudu Junior Pope, ya rasu tare da abokan aikinsa huɗu, alhali bidiyon da ya ɗauka a cikin kwalekwale ya nuna ba ya sanye da rigar kariya daga nutsewa. In aka duba da kyau, gaggawa da son rage kashe kuɗi ne suka share wa waɗannan musibu hanya.

Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar fim ta Hausa ke tafiya da ƙaramin jari, kuma uzurin da ake bayarwa kullum shi ne babu kuɗi. To amma mafi yawan abin da ake bukata bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba. Kafin ranar aiki, wani ya je ya ga wurin da idonsa, ya rubuta a takarda abin da zai iya cutarwa: ruwa, wuta, tsohuwar katanga, titi, doki, zafin rana. A gaban kowanne ya rubuta matakin da za a ɗauka da sunan wanda ke da alhakinsa. Kowace safiya a tara jama'a minti biyar a karanta masu. Janareto ya zauna a fili, nesa da taga. A ajiye akwatin taimakon gaggawa, da ruwan sha isasshe, da mota ɗaya da ba ta motsi sai don mara lafiya. Direban da ya kwana a lokeshin kada ya hau babban titi da asuba. Duk wanda zai shiga kwalekwale a Tiga ko wani dam, ya sa rigar kariya ko da ya iya iyo.

Sama da duka, a naɗa mutum guda, wanda ba darakta ba, da zai iya tsayar da aiki ba tare da tsoron a kore shi ba. Al'adarmu ta kunya takan hana ƙarami musa wa babba, shi ya sa dole furodusa ya furta wannan izini da bakinsa a gaban kowa.

Ina kira ga ƙungiyar MOPPAN da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da su riƙa neman wannan takarda kamar yadda ake neman rubutaccen labari. Mun yarda da ƙaddara, amma addininmu ya koyar da mu a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Fitowar da ta ɓaci ana iya sake ɗaukar ta gobe. Ran ɗan mutane kuwa ba a maimaita shi. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.