Kafin Ki Sa Yaro a Kwale-kwale, Dubi Bakin Jirgin

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano, ya kife a madatsar ruwa ta Watari. Aƙalla mutum 29 ruwa ya ci, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su wajen Mauludi. A watan Mayu na wannan shekarar, wani jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 daga Jihar Neja zuwa Wara a Jihar Kebbi ya nutse. A watan Yunin 2023 kuma, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara. Allah Ya jiƙansu. Duk waɗannan jirage lodi ya yi musu yawa, abin da kuwa ke da kanki za ki iya gani tun kina tsaye a gaɓa.

Kwale-kwale ba abin ƙi ba ne. Da shi Sarkawan Yawuri suke su tun kaka da kakanni, da shi ake tsere a bikin kamun kifi na Argungu, kuma akwai ƙauyukan da ba su da wata hanyar zuwa kasuwa ko asibiti da damina sai shi. Amma kowane jirgi da ruwan da aka sassaƙa shi dominsa. Wanda ya dace da ƙaramin rafi mai kwanciya ba lallai ya dace da buɗaɗɗen ruwa irin na Kainji ko Tiga ba. A can iska tana samun fili mai tsawo, sai ta tayar da igiyar ruwa. Ruwan da ke lumui a bakin gaɓa yana iya zama wani abu daban a tsakiya.

Saboda haka abu na farko da za ki duba shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgin bayan an gama lodi. Kowane mutum, kowane buhu, kowane babur da aka ɗora yana ƙara danna jirgin ƙasa. Idan tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, igiyar ruwa ƙarama ma za ta faɗa ciki. Ruwan da ya shiga kuma ba ya zama wuri ɗaya: duk ɓangaren da jirgin ya karkata, can yake kwarara, ya ƙara karkatar da shi. Sai tsoro ya kama fasinjoji, su miƙe, su ruga gefe guda. Daga nan kifewa ba ta ɗaukar lokaci.

Ki kuma leƙa cikin jirgin. Idan kin ga yaron jirgi yana kwarfe ruwa tun ba a tashi ba, katakon yana yoyo. Ki tambaya ko akwai filafili, domin inji yana mutuwa a tsakiyar ruwa. Ki dubi sama: hadari ya haɗo, a jira. Ki dubi lokaci: hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, don a cikin duhu matuƙi ba ya ganin kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa, masu ceto kuma ba sa ganin wanda ya faɗa.

Sai rigar kariya. Dokar NIWA ta ce kowane fasinja ya sa ta. Amma ta manya ba ta yi wa yaro amfani, zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Ki sa masa daidai shi, ki ɗaure, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. Idan ta haura kunnuwansa, ta yi masa yawa. In gidanku na yawan fito, sayen ta ya fi ankon biki muhimmanci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Goyo kuma ki sauko da shi gabanki, inda kike ganin fuskarsa, ku zauna a ƙasa a tsakiyar jirgi.

Idan ƙaddara ta afka aka tsamo yaro, mintocin farko su ne komai, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan kamar minti 4 zuwa 6 babu iska. A aikinmu na jinya muna yawan jin an ce an juya yaro kai ƙasa ko an danna masa ciki don ruwa ya fito. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma iya sa amai ya shige masa huhu. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka har ya motsa ko taimako ya iso. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya tashi yana wasa a kai shi asibiti, domin matsalar huhu tana iya bayyana bayan wasu sa'o'i.

'Yar'uwa, abin da ya fi wuya shi ne kunya. Dangi sun shiga, matuƙi yana cewa saura wuri, malamin makaranta yana jiran yara. Ki ce za ku jira sawu na biyu. Idan makaranta za ta kai yara taro ƙetaren ruwa, ki tambaya tun a gida: jirgi nawa, yara nawa a kowanne, ƙarfe nawa za su dawo? Makara a wurin biki ba ta taɓa sa uwa zaman makoki ba.